Sauya Sheƙa: Dokokin Hana Wakilai Barin Jam'iyya da Abin da Su ke Haifarwa

1. Sunan abin

Cikin kalmomin da siyasa ta ƙara wa Hausa, da wuya a sami wadda ta zauna a bakin mutane kamar "sauya sheƙa". Sheƙa dai ɗakin tsuntsu ce, inda ya ke ƙwai ya ƙyanƙyashe 'ya'yansa. Hausawa suka ɗauko ta suka aza wa ɗan siyasar da ya bar jam'iyyarsa ya koma wata. In mai karatu ya lura, zai ga kalmar ba ta ɗauke da zargi ko kaɗan. Tsuntsu in ya ga reshen da ya ke kai ya soma ruɓewa, ko kuwa maciji ya gane hanyar sheƙarsa, ba wanda zai ga laifinsa don ya tashi ya nemi wata itaciya.

Ko wace al'umma da irin sunan da ta raɗa wa wannan hali. A majalisar Ingila 'yan gwamnati da 'yan hamayya su kan zauna ne suna fuskantar juna, da fili a tsakaninsu, saboda haka Turawa su kan ce mutum ya ƙetare filin. A ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, kamar Nijar da Senegal, a kan kwatanta abin da tashin makiyaya, masu bin ciyawa duk inda ta yi kore. Wannan suna ya fi namu cizo, don ya faɗi dalilin tafiyar.

Kwatancinmu na Hausa yana da wani gurbi. Tsuntsu da bakinsa ya tsinto ciyawar da ya saƙa sheƙarsa, ba wanda ya taya shi. Ɗan majalisa kuwa, mutane ne suka bar gonakinsu da kasuwanninsu, suka tsaya cikin rana, suka jefa ƙuri'a, sa'an nan ya sami kujerar da ya ke kai. To, in ya tashi, da kujerar zai tashi ko kuwa a nan zai bar ta? Wannan ita ce tambayar da dokokin hana sauya sheƙa ke ƙoƙarin amsawa, ita ce kuma za mu bi cikin wannan maƙala.

2. Kujerar ta wa ce?

Masu da'awar kujerar majalisa uku ne: wakilin da ke zaune a kanta, da jam'iyyar da ta tsai da shi, da jama'ar da suka zaɓe shi.

Kalmar "wakili" daga Larabci muka are ta, ma'anarta wanda aka danƙa wa al'amari ya tsaya a madadin wani. Ko wane Bahaushe ya san wakilin ango a wurin ɗaurin aure. Yana da 'yancin zaɓen kalmomin da zai nemi aure da su, yana iya daidaita maganar sadaki gwargwadon abin da ya ga ya kamata, amma ba shi da ikon ya isa wurin ya ce ya ga wata yarinya da ta fi, ita zai karɓo wa ango. Watau wakilci yana da fili, yana kuma da iyaka. Duk gardamar da a ke yi a kan sauya sheƙa gardama ce a kan inda iyakar ta ke.

Tsohon ra'ayin Turai ya faɗaɗa wa wakili filin ƙwarai. A shekarar 1774 Edmund Burke ya gaya wa mutanen Bristol da suka zaɓe shi cewa abin da su ke bin sa shi ne ƙwazonsa da hankalinsa, in kuwa ya ajiye hankalinsa ya bi abin da suka umurce shi kawai, to ya ci amanarsu. Bisa ga wannan ra'ayi Ingila ba ta da dokar da ke raba mai sauya sheƙa da kujerarsa. Winston Churchill ya bar jam'iyyar 'yan mazan jiya a 1904 ya koma ta masu sassauci, bayan shekara ashirin kuma ya komo inda ya fito. Tsarin mulkin Jamus na 1949, a sashe na 38, ya ce 'yan majalisa wakilan jama'a ne baki ɗaya, ba mai ɗaure su da umurni, zuciyarsu kaɗai za su bi.

Amma a Nijeriya jam'iyya tana da hujja mai ƙarfi. Tsarin mulkin 1999 bai yarda mutum ya tsaya takara ba sai wata jam'iyya ta tsai da shi. Takardar ƙuri'a kuma alamun jam'iyyu ke kanta, mai zaɓe ya kan dangwala ne a gefen lema ko tsintsiya ko wata alama. Har a 2007 Kotun Ƙoli ta ba Rotimi Amaechi kujerar gwamnan Ribas ko da ya ke ba shi aka yi yaƙin neman zaɓe da sunansa ba, bisa ga hujjar cewa jam'iyya ce ta ci zaɓe, shi ne kuma halattaccen ɗan takararta. Daga baya an gyara doka don kada wanda bai shiga zaɓe ba ya sake samun kujera ta wannan hanya, amma hukuncin ya nuna nauyin da jam'iyya ke da shi a tsarinmu.

Mai da'awa na uku, watau jama'a, shi ne wanda duka biyun ke rantsuwa da sunansa, shi ne kuma wanda ba safai a ke tambayarsa ba.

3. Mafarin abin a Nijeriya

Labarin ya kan faro ne daga Jihar Yamma ta zamanin Turawa. Bayan zaɓen 1951, jam'iyyar N.C.N.C. ta Dokta Azikiwe ta ɗauka ita ke da rinjaye. Da majalisa ta zauna a Badun a farkon 1952, sai ga A.G. ta Cif Awolowo da mutane mafi yawa, cikinsu har da yawancin wakilan wata ƙaramar jam'iyya ta mutanen Badun. Har yau masana tarihi suna gardama a kan ko sauya sheƙa ce aka yi, domin a wancan zaɓe da yawa daga 'yan takara sun tsaya ne da sunan ƙungiyoyin garuruwansu, ko wace babbar jam'iyya kuma tana ƙirga su cikin nata. Ko ma yaya ne, mutanen Azikiwe sun riƙe cewa an yi musu ƙwace, shi kuma ya koma Jihar Gabas ya zama Firimiya a 1954. Tun daga nan siyasar ƙasar ta ƙara karkata ga bin jiha da ƙabila.

Abin da ya biyo baya ya fi muni. A 1962 A.G. ta tsage tsakanin Awolowo da Firimiya Akintola, aka yi dambe cikin majalisar Badun, gwamnatin tarayya ta sa dokar ta ɓaci. Akintola ya komo kan mulki a farkon 1963 da sabuwar jam'iyya, a 1964 kuma ya kafa N.N.D.P., wadda ta cika da wakilan da aka zaɓa da sunan A.G. da N.C.N.C. Watau jam'iyyar da ba ta taɓa tsayawa gaban masu zaɓe ba ita ce ke mulkin jiha. Zaɓen 1965 ya ƙare da ƙone-ƙone da kashe-kashe, ran 15 ga Janairu 1966 kuma soja suka kifar da gwamnati.

Waɗanda suka rubuta tsarin mulkin 1979 sun ga wannan da idonsu. Saboda haka suka sa a sashe na 64 cewa ɗan majalisar da ya koma wata jam'iyya kafin wa'adinsa ya cika ya rasa kujerarsa. Amma suka bar ƙofa: in jam'iyyarsa ce ta rabu, ko ta haɗe da wata, ba laifi.

Ba a daɗe ba aka gwada ƙofar. A 1980 P.R.P. ta rabu biyu, Kanawa suka raɗa wa ɓangarorin suna: 'yan taɓo, waɗanda suka tsaya tare da Malam Aminu Kano, da 'yan santsi, ɓangaren gwamnoni Abubakar Rimi da Balarabe Musa. G.N.P.P. ita ma ta rabu. A 1983 gwamnan Borno, Muhammadu Goni, ya nemi tsayawa a U.P.N., hukumar zaɓe ta ja da shi, Kotun Ƙoli ta ba shi gaskiya saboda rabuwar da ke cikin jam'iyyarsa ta fari. Rimi kuwa, da ya koma N.P.P. a wannan shekara, sai ya ajiye kujerar gwamna, mataimakinsa Abdu Dawakin Tofa ya hau. Ya tsaya zaɓe da sabuwar alama, Sabo Bakin Zuwo na P.R.P. ya kā da shi. Za mu komo ga wannan misali nan gaba.

4. Dokar da a ke bi, da ƙofofinta

Tsarin mulkin 1999 ya maimaita dokar nan a sashe na 68 domin majalisun tarayya, da sashe na 109 domin na jihohi. In aka karanta ta a takarda, sai a ce magana ta ƙare. Amma tana da ƙofofi huɗu.

Ta fari ita ce kalmar "rabuwa". Tsarin mulki bai fassara ta ba. Mai nazarin harshe ya san cewa irin wannan kalma tana da matakai: akwai saɓani, akwai rigima, akwai ɓaraka, akwai darewa biyu. Babu jam'iyyar da ba ta da saɓani. In ko wane saɓani rabuwa ne, to dokar ba ta hana kome ba. A 2015 Kotun Ƙoli ta tsuke ma'anar cikin shari'ar Ifedayo Abegunde, wani ɗan majalisar wakilai daga Akure wanda ya bar jam'iyyar Leba ya koma A.C.N. Ta ce rigimar reshen jiha ba ta isa ba, sai rabuwar ta kai ga shugabancin jam'iyya na ƙasa har ta hana ta gudanar da aikinta. Wannan fassara ce mai kyau, amma ta koya wa 'yan siyasa darasi: wanda ke son ya kwashe wakilan wata jam'iyya, sai ya fara hura wuta a hedkwatarta, a sami shugabanni biyu da sakatarori biyu, ko wanne da takardar kotu a hannu. Ta haka dokar da aka yi don ta tsare jam'iyyu ta zama tana ba da lada ga mai farfasa su.

Ta biyu ita ce mai zartarwa. Shugaban majalisa ne aka ɗora wa bayyana cewa kujera ta zama babu kowa a kanta, shi kuwa ɗan jam'iyya ne. In masu ƙaura wurin jam'iyyarsa suka nufo, sai ya karanta wasiƙarsu, a tafa, a rungume su. A watan Disamba 2013 wakilai 37 suka bar P.D.P. suka koma A.P.C. rana ɗaya, suka ci gaba da zama. A Oktoba 2014 shugaban majalisar wakilai da kansa, Aminu Waziri Tambuwal, ya bi su. A Yuli 2018 shugaban majalisar dattawa, Bukola Saraki, ya yi tafiyar ta ɗaya fuskar, daga A.P.C. zuwa P.D.P. Dukansu biyu sun riƙe shugabancinsu. Mai dokar barci ke nan ya ɓuge da gyangyaɗi.

Ta uku ita ce jinkirin shari'a. Abegunde ya sauya sheƙa a 2011, hukuncin ƙarshe ya zo a watan Afrilu 2015, wa'adin majalisar kuwa a watan Yuni ya cika. Mutanen da suka zaɓi jam'iyyar Leba sun ci shari'a bayan shekarunsu huɗu sun kusa ƙarewa.

Ta huɗu ita ce dokar ba ta hau kan shugaban ƙasa da gwamnoni da mataimakansu ba. A 2007 Kotun Ƙoli ta ce Atiku Abubakar bai rasa kujerar mataimakin shugaban ƙasa ba don ya koma A.C. A Nuwamba 2013 gwamnoni biyar, na Kano da Sakkwato da Adamawa da Kwara da Ribas, suka bar P.D.P. A Maris 2022 wata babbar kotun tarayya ta tsige gwamnan Ebonyi, David Umahi, saboda sauya sheƙa, amma kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin. A 2025 gwamnonin Delta da Akwa Ibom suka koma A.P.C. Gwamna kuwa ba ya tafiya shi kaɗai. Shi ke riƙe da kuɗin jiha da reshen jam'iyya, in ya tashi 'yan majalisarsa sai su bi, su ce jam'iyyarsu ta rabu.

Abin da ya faru a Ribas ya nuna inda wannan ruɗu ke kaiwa. A Disamba 2023 wakilai 27 cikin 32 na majalisar jihar suka yi shelar sun koma A.P.C. Gwamna Siminalayi Fubara ya ɗauka kujerunsu sun faɗi, ya ci gaba da aiki da 'yan kaɗan da suka rage. A Fabrairu 2025 Kotun Ƙoli ta ce ba a kawo mata shaidar da ta tabbatar da sauya sheƙar ba, saboda haka suna nan a wakilcinsu. A watan Maris aka sa wa jihar dokar ta ɓaci ta wata shida. Mai karatu zai tuna da Badun ta 1962.

5. Indiya: inda aka ɗaure da ƙarfi

Wani zai ce, to a toshe ƙofofin mana. Kafin mu yarda, ya kamata mu dubi ƙasar da ta yi haka.

Bayan zaɓen 1967 a Indiya, cikin shekara ɗaya an ƙirga sauya sheƙa fiye da 400 a majalisun jihohi, gwamnatoci suka yi ta faɗuwa. Wani ɗan majalisar jihar Haryana mai suna Gaya Lal ya sauya jam'iyya sau uku cikin ɗan lokaci kaɗan, har abin ya zama karin magana a harshen Hindi, mai ma'anar Ram ya zo, Ram ya tafi. A 1985, zamanin Rajiv Gandhi, aka yi wa tsarin mulki gyara na 52. Dokar ta ce wakili ya rasa kujerarsa in ya bar jam'iyyarsa. Ta ƙara da abin da tamu ba ta ce ba: ya rasa ta kuma in ya jefa ƙuri'a cikin majalisa saɓanin umurnin jam'iyya, ko ya ƙi jefawa, sai fa in jam'iyyar ta yafe masa cikin kwana 15.

Da fari an bar ƙofa cewa in kashi ɗaya cikin uku na wakilan jam'iyya suka ɓalle tare, ba laifi. Sai sauya sheƙa ta bar ɗai-ɗai ta koma ta garke. A 2003 aka toshe wannan da gyara na 91, aka bar haɗewa kaɗai, in kashi biyu cikin uku sun yarda. Garken sai ya ƙara girma. A 2019 a jihar Goa wakilai 10 cikin 15 na jam'iyyar Kwangares, watau kashi biyu cikin uku daidai wa daida, suka koma B.J.P. A wannan shekara kuma a Karnataka wakilai 17 suka janye daga gwamnatin gamin gambiza, yawancinsu ta hanyar murabus, gwamnatin ta faɗi, da yawa cikinsu suka sake tsayawa da alamar B.J.P. suka ci. A can ma shugaban majalisa ne alƙalin fari, ko da ya ke Kotun Ƙolin ƙasar ta ce a 1992 kotu na iya duba hukuncinsa.

Babbar hasarar kuwa a wani wuri ta ke. Tun da ƙuri'ar wakili ta zama mallakar jam'iyya, ba ya iya ƙin wata doka ko da ya tabbata za ta cuci mutanen mazaɓarsa. Muhawara ta zama al'ada kurum, don an san sakamakon tun kafin a buɗe baki. Aikin majalisa shi ne ta tsare gwamnati, amma wanda ke shugabancin gwamnati shi ne ke ba wakilan jam'iyyarsa umurnin yadda za su jefa ƙuri'a. Mai saye da sayarwa ya sami hanyar kewayewa, mai gaskiya shi ne aka ɗaure.

6. Maƙwabta da waɗansu

Ghana tana da irin tamu a sashe na 97 na tsarin mulkinta na 1992. A Oktoba 2024, sa'ad da manyan jam'iyyu biyu ke kunnen doki cikin majalisa, shugabanta Alban Bagbin ya ce kujeru huɗu sun faɗi, saboda masu su sun ba da sunansu za su tsaya zaɓe mai zuwa da wata alama dabam. Wannan zai mai da masu rinjaye marasa rinjaye. A Nuwamba Kotun Ƙoli, alƙalai biyar a kan biyu, ta ce shirin zaɓe mai zuwa ba ya taɓa kujerar da mutum ke kai yanzu. A nan an ga ɗaya fuskar haɗarin: dokar na iya zama makami a hannun shugaban majalisa.

Tsarin mulkin Nijar na 2010, wanda aka dakatar bayan juyin mulkin Yuli 2023, ya bambanta abu biyu da ya kamata a bambanta. Wakilin da ya yi murabus daga jam'iyyarsa ya rasa kujera, mataimakin da aka zaɓa tare da shi ya hau. Wanda jam'iyya ta kora kuwa yana nan a kujerarsa, amma a zaman ɗan ba-ruwanmu. Hikimar wannan a fili ta ke: in kora na raba mutum da kujera, to shugaban jam'iyya ya sami wuƙar yanka duk wanda ya yi masa musu.

Afirka ta Kudu ta gwada ɗaya hanyar. A 2002 ta halatta sauya sheƙa cikin waɗansu kwanaki ƙayyadaddu. Ƙananan jam'iyyu suka yi ta zubewa cikin babba. A.N.C., wadda ta sami kujeru 266 cikin 400 a zaɓen 1999, ta haye kashi biyu cikin uku a 2003 ba tare da an jefa ƙuri'a ko ɗaya ba. A 2009 aka soke wannan izini.

7. Riba da hasara

Yanzu muna iya auna abin. Amfanin dokar guda uku ne. Tana tsare ma'anar ƙuri'a, don kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Tana hana gwamnati faɗuwa ko wane wata, musamman a ƙasashen da majalisa ke naɗa firayim minista. Tana kuma tsare 'yan hamayya, domin kusan kullum ƙaurar wajen mai mulki ta ke nufa, inda muƙamai da kwangila su ke. A Mayu 2025 sanatocin Kebbi duka uku suka bar P.D.P. suka koma A.P.C. Duk wanda ya zaɓi hamayya a jihar a 2023 ya wayi gari ba shi da murya a majalisar dattawa. In aka bar abin haka, ƙasa na iya zama mai jam'iyya ɗaya ba tare da jama'a sun taɓa zaɓen hakan ba.

Hasararta ita ma uku ce. Tana ƙara wa shugabannin jam'iyya iko a kan wakilai, alhali da yawa cikinsu ba wanda ya zaɓe su sai 'yan tsiraru. Tana hukunta mai gaskiya da maci amana da ma'auni ɗaya, tun da doka ba ta ganin zuciya. Tana kuma kwashe gardamar siyasa daga hannun jama'a ta kai ta gaban alƙalai, har ya zama lauyoyi ne ke yanke wanda zai wakilci gari.

Wajibi ne kuma a faɗi laifin jam'iyyun kansu. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Da yawan masu sauya sheƙa suna tashi ne don an hana su tsayawa a zaɓen fid da gwani wanda ba a yi shi bisa gaskiya ba. Sa'an nan in jam'iyyu biyu ba su bambanta a manufa ba, mai barin wannan ya koma waccan bai sauya ra'ayi ba, don da ma ba ra'ayin ne ya kai shi ba. Zamanin N.E.P.U. da N.P.C. mutum ya san abin da ya bari da abin da ya tarar in ya ƙaura. Doka ba ta iya haifar da aƙida inda babu ita.

8. Abin da ya fi dacewa

A ganina kuskuren da a ke yi shi ne ɗaukar rigimar a zaman ta mutum biyu, wakili da jam'iyya, a manta da na uku. Dokar da ta fi kyau ita ce wadda ke mai da tambayar ga masu ƙuri'a da sauri. Mu komo ga Rimi. Ko mene ne dalilinsa, ya ajiye kujera, ya tsaya da sabuwar alama, Kanawa suka ba da amsa. A Ingila ma, inda ba dokar da ta tilasta, 'yan majalisa biyu, Douglas Carswell da Mark Reckless, sun yi murabus a 2014 da suka sauya jam'iyya, suka sake tsayawa, suka ci. Ɗaya misali ya ƙare da faɗuwa, ɗaya da nasara, amma a duka biyu ba wanda zai ce an sace masa ƙuri'a.

Daga abin da muka gani ana iya fid da ƙa'idodi biyar. Wanda ya bar jam'iyya da kansa ya ajiye kujera, a sake zaɓe, a kuma bar shi ya tsaya. Wanda aka kora ya zauna, kamar yadda Nijar ta tsara. Kada doka ta shiga yadda wakili ke jefa ƙuri'a cikin majalisa, don kada a faɗa ramin Indiya. A ɗauke hukunci daga hannun shugaban majalisa a ba kotu, a yanka mata kwanaki, kamar yadda aka yanka wa kotunan ƙararrakin zaɓe kwana 180. Sa'an nan dokar ta hau kan gwamna kamar yadda ta hau kan ɗan majalisa. In aka yi haka, ƙofar "rabuwa" ba ta da sauran amfani, domin ko jam'iyya ta dare biyu, jama'a ne za su faɗi ɓangaren da su ke so. Lalle sake zaɓe yana cin kuɗi. Amma wanda ya san zai koma gaban mutanensa cikin 'yan watanni ba zai tashi ba sai da dalilin da zai iya faɗa a bainar jama'a, saboda haka zaɓukan ba za su yi yawan da a ke tsoro ba.

Akwai hanyar kiranye a sashe na 69 da na 110, amma sai fiye da rabin masu rajista a mazaɓa sun sa hannu, abin da ke da wuya ƙwarai. Yunƙurin da aka yi a kan Sanata Dino Melaye na Kogi ya mutu a 2018 tun a wurin tantance sa hannu.

Ga malaman da ke koyar da tarbiyyar ɗan ƙasa a kwalejojin horon malamai, ina ba da shawara su fara wannan darasi daga kalmomin da ɗalibai suka riga suka sani. A tambaye su bambancin wakili da ɗan aike, da bambancin aro da kyauta, sa'an nan a tambaye su wanne ne ya dace da kujerar majalisa. Ɗalibin da ya amsa cewa aro ce, ya kuwa san cewa mai aro ba ya ƙaura da kayan mutane sai ya sallame su, ya riga ya fahimci abin da sashe na 68 ke nufi, ya kuma fahimci inda ya gaza.